Sunan da Baba Giɗaɗo Bai Taɓa Faɗa Ba

Tun da na dawo daga Doguwa ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ba. Kowa ya zauna sai ya ce, "Malam Lawan, yaya aka yi a garin su Dakta? An yanka sa? Makaɗa sun zo?" Na ba da labarin gutsi-gutsi har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. Shekaranjiya har wani ya tare ni yana yi min jaje, wai birai sun ƙwace mana mota a dajin Falgore. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda ya faru, wanda ya ƙara tambayata in miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san shi ba, Dakta Hammadu abokina ne tun muna makarantar kwana, gadonsa a saman nawa. Ni na ƙare a koyar da Hausa a sakandare. Shi kuwa ya bi lissafi da kimiyya har ƙasashen waje, ya dawo jami'a ya shige ɗakin bincike, a can furfura ta same shi. Aikinsa a kan farantin sola ne, baƙin gilashin nan da ake shanyawa a rana ya ba da lantarki. A cikin kowane faranti akwai 'yan ƙananan ƙwayoyi a jere, su ne masu aikin. Ni a zatona ranar ƙasarmu gata ce a gare su, sai Hamma ya ce min ai in zafi ya yi yawa su ma kasala suke yi, wutar ta ragu. Ya haura shekara ashirin yana neman yadda za su jure wa zafinmu. A kan haka ne wata ƙungiyar masana a Turai ta kira shi bana, ta ba shi lambar yabo ta aikin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai.

Da ya dawo na je yi masa murna, na tarar da shi zaune kamar wanda aka yi wa rasuwa. Lambar tana kan tebur. Dunƙulen gilashi ce mai nauyi, an binne ƙwayar sola guda a cikinta, an sassaƙa sunansa a gaba.

Ya ce, "Lawan, so nake ka raka ni gida. Ka san ni ɗan fari ne. Na haura hamsin, ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba, bai kuma taɓa tambayata aikin me nake yi ba. Ba zan iya zama gabansa in yabi kaina ba. Amma kai baƙo ne, kuma Allah ya yi maka baki. Ka faɗa masa. Ko madalla ya ce, ta ishe ni."

Na yi dariya. Mu ma a birni ana kunyar ɗan fari, amma kunya ce da takan saki in ɗan ya yi gemu. Na bugi ƙirji na ce ya bar min tsohon, ni da nake sa 'yan aji biyar su yi shiru ranar Juma'a.

Muka tashi da sassafe ranar Asabar, ƙarshen damina, a tsohuwar Fijo ɗinsa. A baya ya naɗe ƙaramin faranti guda cikin bargo, da batir da ƙwan fitila, tsarabar da zai kafa wa tsohon a ɗaki. Lambar kuwa ni aka damƙa wa, na naɗe ta da rawani na rungume. Na kuma ci ado da farar shadda, tunda a raina biki za mu.

Ba mu miƙe Doguwa kai tsaye ba, domin Hamma bai san takamaiman inda mahaifinsa yake zaune ba. Na ce, "Kai, gidan ubanka?" Ya ce su suna noma suna kiwo, in gonaki suka matse wa shanu hanya sai a matsa gaba, kuma rabonsa da zuwa shekara uku. Dole sai mun biya ta Tiga, a ƙasar Bebeji, wurin ƙanwar tsohon, Goggo Dudu.

Na zaci zan ga Bafulatana da ƙwaryar nono. Sai ga wata tsohuwa siririya cikin hayaƙi tana juya kifi a kan waya. Tun da ruwan dam ya cinye ƙauyen mijinta aka tashe su zuwa nan, mazan suka koyi kamun kifi, matan suka koyi banda. Ta nuna min tsakiyar ruwan da tsinken hannunta ta ce, "Ka ga can? Ɗakina yana ƙasa, da rijiyata, da kukar da na raini 'ya'yana da miyarta." Ta faɗe shi ne yadda ake nuna wa baƙo hanyar kasuwa.

Bayan an gaisa na warware rawani na nuna mata lambar. Ta jujjuya ta, ta leƙa ciki, ta dubi Hamma.

"Wannan ne abin? Ka hau jirgi ka ƙetare teku a ba ka gilashi? Ba ko riga?"

"Goggo, girmamawa ce."

"To, Allah ya sa albarka. Kai kuma Kaɗo, kai ne mai maganar?"

Na ce ni ne. Ta dube ni daga hula har takalmi. Da ta ji wurin yayanta za mu, ta yi jim, sannan ta ce yana can gaba da Doguwa, gindin duwatsu, kuma ba za mu gane ba sai da ita. Ta shige mota da kwandon kifi a cinya. Har yau shaddata ba ta rabu da warinsa ba.

A hanya na matsa wa Hamma ya ba mu labarin bikin. Ya ce an zauna shiru kamar ana jiran liman. A kira sunanka, ka tashi, a tafa, ka karɓa, ka koma ka zauna. Babu maroƙi, babu guɗa, babu mai cewa ɗan wane jikan wane. Abincin ma a tsaye aka ci, mai sanyi, ɗan mitsitsi a soke a tsinke.

"A tsaye?" in ji Goggo. "Ba su da tabarma ne?"

Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne a tara manyan mutane haka a sallame su ba a buɗe taro da addu'a ba, ba a rufe da ita ba. Amma Hamma ya ce ba wannan ne ya tsaya masa a rai ba. Akwai wani Bature da aka karrama tare da shi, mai sanƙo, ya kusa sittin. Da aka kira sunansa, sai wani tsoho tukuf ya miƙe da sanda daga cikin jama'a yana cewa, "Ɗana ne! Ɗana ne!" Ya rungume shi a gaban kowa, ya sumbace shi a goshi, yana hawaye.

Na ce, "A'uzubillahi! Uba? A gaban mutane?"

Goggo ta ce, "Marasa kunya."

Hamma ya ce, "Haka ni ma na ce a raina. Amma da na koma masauki na kasa cin abinci." A haka muka isa Kwanar Dangora.

Kun san halin da ake ciki na wahalar mai. Allurar mota ta kwanta, wani mai shayi a kwanar ya rantse mana cewa tanka ta sauke a Kiru. Muka karkata. Mun tarar da tankar kam, amma layin ya taso daga gidan mai har bakin kasuwa, masu achaɓa sun kwanta a kan baburansu suna barci. Na ba da shawarar mu sayi na 'yan bumburutu, na kuma zaɓi galan da kaina, na shinshina kamar na san abin da nake yi. Ba mu bar gari ba motar ta soma tari, ta yi atishawa, ta mutu a gaban rumfar masu tumatir. An gudu ba a tsira ba. Bakanike ya zo ya ɗanɗana man da harshe ya tofar, ya ce rabinsa kalanzir ne.

Hamma ya tsaya a kan bakanike, ni da Goggo muka zauna a inuwar rumfa muna cin rake. Na tambaye ta, shin da gaske tsohon bai taɓa kiran sunansa ba?

Ta ce, "Ko sau ɗaya. In dole ta kama sai ya ce wancan." Ta tofar da ɓawon rake. "Shekarar da dagaci ya aiko a ba da yaro ɗaya daga rugarmu a kai boko, yara biyu ne suka isa, Hamma da wani maraya ɗan yayanmu da yake hannun Giɗaɗo. Mu a lokacin, kai yaro boko da binne shi duk ɗaya ne. In ya ba da maraya, me duniya za ta ce? In ya ɓoye ɗan fari, ina kunya? Ya kama hannun nasa ya miƙa wa dogari, ko kallonsa bai yi ba. Ya juya ya kora shanu daji. Bai dawo ba sai da aka bi sawu aka nemo shi."

"Hamma ya san wannan?"

"Ya san an miƙa shi. Sauran ba maganar da ake yi wa yaro ba ce."

Na dubi yaron, ga shi can da furfura har gira yana riƙe wa bakanike fitila. Raken ya fita daga raina.

La'asar sakaliya muka bar Kiru, magariba ta yi mana a Tudun Wada. Ba mai hankalin da zai shiga Falgore da duhu, saboda haka Goggo ta tafi gidan wata 'yar uwarta, mu muka kama ɗaki a wani masauki kusa da tasha. Abinci dai ba ni da ƙorafi. Tuwon sabuwar shinkafa da miyar taushe na ci har sai da na sassauta tazuge. Amma babu wuta a garin, mai masauki ya kawo mana aci-balbal mai hayaƙi. Na ce wa Hamma, "Kai da Turawa suka karrama a kan lantarki, ga batir cike a mota, mu zauna muna shaƙar baƙi?" Ya ce, "Wannan wutar ta Baba ce." Muna cin tuwo na kasa riƙe cikina, na kwashe abin da Goggo ta faɗa min na gaya masa. Ya ce ya taɓa jin ƙishin-ƙishin ɗinsa a bakin mutane. "Amma Lawan, labarin mutane ne. Ni daga bakinsa nake so." Da gari ya waye na tashi jikina duk rudu-rudu, kuɗin cizon gidan sun yi walima da ni, shi kuwa ko ɗaya bai taɓa shi ba.

A bakin daji akwai shinge, ganguna da katako mai ƙusoshi, da masu kaki sun rataya bindigogi. Babbansu ya sa a buɗe bayan mota. Da ya yaye bargo ya ga farantin, ya ja da baya.

"Mene ne wannan?"

Hamma ya gyara tsayuwa kamar yana gaban ɗalibai, ya soma bayanin yadda haske yake bugun ƙwaya ya tayar da abin da ke cikinta. Na taka masa ƙafa, bai ji ba. Mutumin ya ce shi bai yarda ba, wa ya sani ko da shi ake magana da ƙasashen waje? Sai a gwada ya gani. Hamma ya jingina farantin a jikin mota yana fuskantar rana, ya haɗa waya, ƙwan ya kama. Na ɗauka za a yi salati. Sai mutumin ya dubi ƙwan, ya dubi sama, ya ce, "To ina amfanin fitila da rana tsaka?"

Wallahi na ga fuskar Hamma ta faɗi. Ya buɗe baki zai yi bayanin batir, wani daga cikinsu ya hango ƙunshin da na rungume. Aka warware, aka ɗaga ta sama, aka ce dutse mai daraja ne muka haƙo za mu fitar. Sai na ga babban nasu ya soma auna ta da aljihunsa. Goggo ce ta sauko daga mota tana gyara mayafi.

"Kai ɗan nan, mu da za mu shiga dajin, ta yaya muka haƙo abu daga cikinsa? Na tsohonsa ne, can za a kai masa. Kai ba ka da uba ne?"

Sai ya miƙo min ita da hannu biyu, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ta ba su kifi biyu-uku don kanta, ba don sun tambaya ba. Birai kuwa mun gan su a cikin dajin, zaune a gefen titi suna kallonmu, amma ba wanda ya nemi makullin mota.

A Doguwa muka bar Fijo a ƙofar wani mai sayar da gishirin shanu, muka ɗauki achaɓa uku. Hamma ya rungume faranti, Goggo ta ɗora batir a kan kwandon kifi, ta zauna a karkace kamar a kan jaki aka haife ta. Hanyar ba hanya ba ce, burtali ne da ruwa ya cinye. A wani rafi mai babur ɗina ya ce in ɗaga ƙafa, na ɗaga, babur ya zame, muka kwanta tare. Na ɗaga lambar sama da hannu biyu, ita ko ɗigo bai taɓa ta ba, ni kuwa na tashi ja wur daga kafaɗa har ƙasa. Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Haka mai magana da yawun Dakta ya shiga rugar Baba Giɗaɗo, laka tana ɗiga daga hannun riga.

Gidan bukkoki ne da ɗakunan ƙasa kaɗan, ga gonar dawa a baya, ga garke a gefe. Tsohon yana zaune a kan buzu a gindin ɗorawa, dogo, fari, carbi a hannu, ya juya fuska wajen shanu. Tun daga nesa Hamma ya tuɓe takalmi. Mutumin da na ga ana yi masa layi a ƙofar ofis ya tsuguna can nesa da tabarma, ya sunkuyar da kai ya yi gaisuwa. Tsohon ya amsa da kalma ɗaya, bai juyo ba. Ni kuwa da aka ce masa ga baƙo daga Kano, ya shiga jero min gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ina mutanen birni, har na rasa amsa.

Da ƙannen Hamma da matan gida suka taru, na gyara murya. Ba yabon kai ba, ban taɓa magana mai daɗin ta ranar ba. Na faɗi yadda yaro ya bar ruga da riga ɗaya. Na faɗi shekarun da ya yi a ɗakin bincike yana gasa ƙwayoyi a tanda yana aunawa, ta lalace ya sake, ta lalace ya sake. Na ce saboda aikinsa akwai asibitocin ƙauye da za su ajiye allurar rigakafi da sanyinta, akwai rijiyoyin da za su ba da ruwa ba da guga ba. Na ce masanan duniya sun taru sun ce a fagen nan ɗan Giɗaɗo yana sahun gaba. Sannan na warware rawani na ajiye lambar a kan tabarma. Ranar yamma ta bugi gilashin ya ɗauki ido, mata suka sa salati.

Tsohon ya ja carbi ya ce, "Baƙo, kun tarar an yi ruwa wajen Falgore?"

Na ce, "Na'am?"

"Mu nan ya ɗauke mana da wuri. A kawo wa baƙo fura."

Ko ƙyalla ido bai yi wajen tabarmar ba. Na dubi Hamma, kansa yana ƙasa, yana zane a ƙasa da tsinke. Can ya tashi ya kira ƙannensa, suka hau rufin ɗakin tsohon suka ɗaure faranti, ya ja waya ya rataya ƙwan a bakin ƙofa, daidai inda tsohon zai gani daga wurin zamansa. Ana kiran magariba ya haɗa batir. Tsakar gidan ta yi fari fat. Aka rangaɗa guɗa, maƙwabta suka fito da gudu, har karnuka suka ruɗe. Baba Giɗaɗo ya ce a miƙo masa buta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sami Goggo a bakin murhu na ce, "Goggo, ki gafarce ni, wannan ba kunya ba ce, taurin zuciya ne. Ko dutse aka yi wa haka ya motsa."

Ta ce, "Kaɗo, baki gare ka. Je ka ci tuwo."

Tuwon dawa ne da man shanu, amma ban ji ɗanɗanonsa ba. Hamma bai ci ba sam. Ya ce min, "Ka yi ƙoƙari, Lawan. Ni ne na zo da abin da ba namu ba. Gobe da safe mu koma, ka naɗe ta mu tafi da ita."

Da na idar da sallar asuba na kasa komawa kwance. Gari ya soma haske. Na ɗauki ƙunshin lambar na nufi ɗorawa, da niyyar in yi wa tsohon sallama ni kaɗai, in kuma faɗa masa magana ko da za a ce ba ni da ladabi. Ina zuwa kwanar danga na ga ya fito daga ɗaki. Ya tsaya a ƙarƙashin ƙwan da ɗansa ya rataya, ya miƙa hannu yana lalube a jikin ƙofa har ya kama wata igiya. An ɗaure ta daga bakin ƙofa zuwa gindin ɗorawa, ni jiya na ɗauka ta shanya ce. Ya biyo ta a hankali yana jan ƙafa, har ya taka buzunsa ya zauna.

Na fito daga bayan dangar. Na matsa na yi sallama na miƙa masa hannu, ya miƙo nasa can gefe, inda ba kowa. A karon farko na ga fuskarsa sosai. Idanun duka biyu sun yi fari kamar an zuba musu nono.

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Baba, tun yaushe?"

"Damina biyu ke nan."

"Ba a aika Kano ba?"

"Na hana. Mutum yana can yana aikin da aka ce jama'a na jira, a taso shi saboda idon tsoho? Abin da zan gani a duniya na gani."

Kowa a gidan ya sani, Goggo ta sani, an kama baki saboda ya ce a kama. Hamma kuwa ta ina zai gane? Tun yana yaro bai taɓa ganin uban ya dube shi ba, shi ma bai taɓa ɗaga kai ya dubi idon uban ba. Duk maganar da na ƙullo ta zube, na zauna a ƙasa daɓas.

Tsohon ya karkata kai ya saurara. "Baƙo, kai kaɗai ne?"

Na waiga, ban ga kowa ba. Na ce, "Ni kaɗai ne, Baba."

"Abin nan da ka ajiye jiya, na ji mata suna salati. Yana kusa?"

Na warware na ɗora masa a tafin hannu. Ya auna nauyinta, ya ce da nauyi. Ya shafa samanta, ya shafa gefe, ya kai ta kusa da kunci ya ce sanyi gare ta. Sai yatsansa ya faɗa kan sassaƙar.

"Nan an yi mata zane, irin na ƙwarya."

"Rubutu ne, Baba. Suna ne."

Yatsan yana nan inda yake. Can ya ce, "Me aka rubuta?"

Na ce, "Hammadu Giɗaɗo."

"Har da nawa?"

"Har da naka, Baba. A gaban duk mutanen nan haka aka kira shi."

Ya bi rubutun da yatsa daga farko har ƙarshe, ya dawo ya sake bi. Leɓɓansa suna motsi amma babu abin da ya fito. Ya ce, "Kunne ya tsufa, ban ji sosai ba. Sake faɗa."

Na sake.

"Sake."

Na sake. Ya ce in sake. Ina cikin faɗa ne idona ya sauka ƙarƙashin dangar kara da ke bayan bishiyar, na ga ƙafafu biyu ba takalmi, raɓa ta jiƙa bakin wando. Na san wandon. Ban daina ba, tsohon ma bai daina cewa in sake ba, har sai da aka soma kunce shanu. Sannan ya ɗaga rigarsa ya tura lambar ciki, ya ɗora hannu a kai. Bai ce a ba shi ba, ni ma ban ce ya kawo ba.

Da hantsi muka yi shiri. Hamma ya keɓe da Goggo da ƙannensa, aka tsayar cewa da an girbe dawa za a kawo tsohon Kano likitan ido ya duba shi, ita Goggo za ta zauna ta shawo kansa. Sannan ya je ya tsuguna a inda ya tsuguna jiya, ya yi sallama. Tsohon ya juya fuska wajen garke ya ce, "Baƙo, a sauka lafiya. Ka gaya wa abokin tafiyarka ya riƙa rage gudu a daji."

Daga ruga muka koma Doguwa muka ɗauki mota. Daga Doguwa muka shiga Falgore. Sai da muka kusa fita dajin ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Lawan, sau nawa ya ce ka sake?"

Na ce, "Wallahi ban ƙirga ba."

Ya ce, "Ni na ƙirga."

Ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya kifa kansa a kan sitiyari. Na buɗe ƙofa na fita, na ba shi baya, na tsaya a nan har sai da ya kira ni.